Jar Wuta Biyu

Tartsatsi ake kiransa a garejin, tun ranar da ya haɗa kan batir a juye yana sabon shiga sana'a, girarsa ta babbake tas. Girar ta dawo, sunan ya ƙi tafiya. Yanzu kam a wayarin ɗin mota babu mai ja da shi, kuma akwai abin da ya riƙe kamar karatu: jar wuta ba ta ƙarya. Direba zai zo yana rantse-rantse wai motarsa lafiyarta ƙalau, wutar ce kawai ta kama a gaban sitiyari don neman magana. Sai Tartsatsi ya dube shi sheƙeƙe, ya ce koriya tana nufin tafi, ja tana nufin tsaya, in kuwa ja biyu suka kama tare, to a sauka a nemo mai janwe. Ba a taɓa kama shi da kuskure a wannan ba, abin da ya ƙara masa taurin kai ke nan.

Matarsa malamar lissafi ce a firamare, shi ma Malama yake ce mata kamar kowa. Ita kuma in tana son tsokanarsa sai ta ce Injiniya. Sun daɗe da aure babu haihuwa, har dangi suka gaji da yi musu addu'a a gabansu suka koma yi a bayan ido. Sai da ta haura arba'in, ta fara rabar da kayan jariran da ta tara, sannan ciki ya zo ba sallama.

Murna ba ta gama zama ba aka yi hoton ciki, likita ta ce ta ga ɗan kauri a bayan wuyan ɗan tayin. Ta ce sau da yawa ba komai ba ne, amma da yake shekarun Malama sun ja, gara a duba. Za a sa allura ta ciki a ɗebo ɗan mitsitsin nama daga mabiyiya, a kai ɗakin gwaji, a gano ko jaririn yana da irin larurar nan da ke sa yaro jinkirin tafiya da magana da fahimta, wani lokaci har da ciwon zuciya.

A hanyarsu ta zuwa gwajin, suna tsaye a cunkoso, Malama ta yi tambayar da ta daɗe tana juyawa. Ba ta dube shi ba.

"In aka ce yana da ita fa?"

Tartsatsi mutum ne da in magana ta yi nauyi yake zille mata da barkwanci. Ya ce ai sai a canza masa fis. Ya yi dariya shi kaɗai. Malama ta juya tana kallon tagar mota har suka isa, shi kuma ya san ya kwafsa, amma bai san ta inda zai gyara ba.

Likitar mace ce mai haƙuri. Ta ɗauki biro ta fara yi musu bayani tana zanawa: a cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu zarurruka na gado, a ɗakin gwaji za a sa wani rini mai haske a duhu, kowane launi ya je ya manne wa zaren da aka aike shi. Da jin haske sai Tartsatsi ya gyara zama, an shigo fagensa. Daidai nan nas ta yaye ƙyallen da ya rufe tiren ƙarfe, allurar ta bayyana.

Mutumin da ke gwada waya da yatsa ya ji ko akwai wuta, mutumin da batir ya fashe a gabansa bai ko ƙifta ba, sai ga shi ya sulale daga kujera kamar rigar da ta zame daga ƙusa. Da ya farfaɗo yana kan benci a baranda, wata nas tana yi masa fifita da kwali. An gama komai. Malama ta fito da ƙafarta, ta tsaya a kansa ta ce sannu da aiki, Injiniya. Sauran bayanin likita ya wuce shi, kunya kuma ta hana shi tambaya. An dai ce su dawo bayan 'yan kwanaki.

Washegari a gareji hannunsa na aiki, hankalinsa na asibiti. Abin da ke cinsa shi ne ya san halin masu aikin hannu, don shi ma ɗaya ne. Motar da mai ita ya tsaya a kanta yana huci, ita ake taɓawa. Wadda mai ita ya bar makulli ya tafi gida, a tura ta ƙarƙashin bishiya tsuntsaye su yi mata fenti. To yanzu ga shi sun bar kayansu sun tafi gida kamar marasa wayo. Ya goge hannu, ya rufe akwatin kayan aiki, ya ce wa maƙwabcinsa fanabita, mai gyaran jikin mota, ya sa masa ido a rumfa.

Ɗakin gwajin yana can ƙarshen wani dogon lungu, an rubuta a ƙofar cewa ba a shiga. Ya ƙwanƙwasa. Wata mata mai farar riga da safar hannu ta buɗe kaɗan, bayanta duhu dunɗum. Nan take tausayi ya kama shi. Ya ce mata ashe wutarsu ta lalace, yana da tasta a aljihu, in ta nuna masa inda akwatin fis yake yanzu zai duba, ba sai an biya ba. Matar ta ce su suka kashe da kansu, aikinsu ba ya yiwuwa sai a duhu. Wannan bai kwanta masa ba, amma ya haɗiye. Ya faɗi sunan matarsa, ya ce ya zo ne ya ga inda aka kwana.

"Muna kai," in ji ta. "Sakamako kuma daga bakin likita za ku ji, ba daga nan ba."

Ta juya za ta rufe, wayarta ta yi ƙara, ta tsaya lalubarta a aljihu da safar hannu. Ta wannan 'yar kafar Tartsatsi ya miƙa wuya. A kan tebur akwai allon kwamfuta, baƙi wuluk, da wasu ƙwallaye shuɗaye kamar ƙwai. A cikin kowane ƙwallo akwai ɗige-ɗige masu haske. Korayen bai ko kula su ba, kore ai lafiya ce. Jajayen ya ƙirga. Biyu a wannan. Biyu a wancan. Biyu a na gefe. Duk inda ya kai ido, ja biyu, jawur, ba ko ƙiftawa.

Ƙofa ta rufe. Bai san yadda ya kai mota ba. Ya zauna ya riƙe sitiyari, ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa, har mai gadin wurin ajiye motoci ya leƙo ya tambaye shi ko makulli ne ya ɓata. Tsoro yake ji, ba na komai ba sai na fuskar Malama in ta ji. Shekarun da ta yi tana jira, a ce shi ne zai kai mata wannan. Ya ƙudura ba zai faɗa ba sai ya samo yadda ake faɗa.

Da ya koma gareji ya kasa riƙewa, ya ɗan zagaya wa fanabita. Ya ce a ce mutum yana da wani abu, sabo fil, ko fitowa bai yi ba, ja biyu suka kama, kuma ba a buɗe shi balle a gyara. Fanabita yana tauna biredi ya ce wannan ai ba abin tunani ba ne, a rabu da shi tun kafin ya zama kaya. Allah ne ya kiyaye, sifanar da ke hannun Tartsatsi ƙarama ce, kuma fanabita ya iya kaucewa. Har yau mutumin bai san laifin da ya yi ba. Amma Tartsatsi ya ji amsar da bakinsa ya kasa ba Malama ta fito daga hannunsa, ya yi mamakin kansa.

A gida kuwa sai ya zama wani mutum. Shi da bai san inda ake ajiye soson wanke-wanke ba, ga shi a bakin famfo ya naɗe hannun riga. Malama ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, ya riga ta. Ta tashi za ta rufe taga, ya ce zauna. Ya soya mata ƙwai ya ƙone, ya sake wani ya ƙone, ta ci na ukun don kada ƙwan gidan ya ƙare. In ta yi dariya sai ya kau da kai, idonsa ya ciko.

Yayar Malama ta zo zama da su tun da aka yi gwajin. Yaya Babba suke ce mata, mai shagon labule ce, kuma ba a taɓa yin abu a gabanta ta rasa fassararsa ba. Ta zuba masa ido yana goge tebur har da ƙafafunsa, ta ce wa ƙanwarta banza ba ta kai zomo kasuwa. Namiji ba ya wanke tukunya haka kawai. Ta auna, ta jera, ta cire, ta isa inda za ta isa: ranar da ya suma a asibiti sun duba shi, sun gano wani abu a jikinsa, yana ɓoyewa. Ba ga shi yana hawaye a kan albasar da ba a yanka ba? Mutumin nan sallama yake yi.

Tartsatsi bai san an yanke masa wannan hukunci ba. Ya dai lura gishiri ya ɓace daga abincinsa. Shayinsa ya koma ruwan zafi mai launi. An ƙara masa matashi. Yaya Babba, wadda tun aurensu ba ta taɓa ce masa sannu ba sai da ƙari a baya, ta fara tambayarsa ya ƙarfin jiki da wata murya mai laushi da ta fi zaginta ban tsoro. Gidan ya koma asibiti mai majinyata biyu, kowa yana jinyar kowa. Wata safiya aka yi kokawa a kan bokitin ruwa: ya riƙe hannun bokiti yana cewa ba za ta ɗauka ba a halin da take ciki, ita ta riƙe tana cewa shi ne ba zai ɗauka ba a halin da yake ciki, Yaya Babba ta shiga raba su, ruwan ya ƙare a zanenta.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne inda yake zuwa da rana. Akwai wani direba da ke kawo masa motar wata makaranta ta yara masu irin wannan larura. Da can Tartsatsi gyara kawai yake yi ya karɓi haƙƙinsa. Yanzu ya je har makarantar, wai ya zo duba sigina, ya kwance abin da lafiyarsa ƙalau ya ɗaura, yana jefa tambayoyi. Direban ya ce suna jinkirin tafiya, amma suna tafiya. Wasu sai an yi musu aikin zuciya. Suna da taurin kai, in suka ƙi hawa mota sai dai ka kashe injin ka jira. In kuma suka so ka, to ka shiga uku, don ba za ka sake sauka daga motar nan ba a rungume ka ba. Ya ƙara da cewa sai an sa ido sosai, don sukan daɗe ba su gane abin da ke cutarwa ba, ko soket suka gani sai su tura yatsa.

Wannan kam yaren Tartsatsi ne. Ranar ya dawo gida da guduma da kurfi, ya fasa bangon falo da na ɗaki, ya ɗaga kowane soket daga ƙasa zuwa daidai kafaɗarsa. Gidan ya cika da ƙura. Wayar firji ta kasa kaiwa sai da aka ɗora firjin a kan bulo. Da Malama ta tambaye shi dalili ya ce sabon tsari ne. Yaya Babba ta ja ta gefe ta ce a bar shi, masu tafiya sukan so su bar abin tunawa.

Ranar karɓar sakamako suka zauna a bencin nan da ya taɓa kwanciya a kai. Akwai mutum biyu a gabansu. Tartsatsi ya ga in bai faɗa yanzu ba, baƙuwa ce za ta faɗa mata, a ɗaki mai sanyi, shi yana gefe kamar kujera. Duk jawabin da ya shirya ya gudu. Ya kama gefen mayafinta kamar yaro.

"Malama, na san sakamakon. Na je ɗakin gwajin, na gani da idona. Yana da ita."

Ba ta yi motsi ba. Hannunta ne kawai ya tafi kan cikinta.

"Ranar nan kin tambaye ni, na yi miki shirme. Ga amsar. Namu ne. Ko bai yi tafiya da wuri ba zan ɗauke shi, bayana lafiya lau. Na ga makarantar, na san direban. In ya ƙi hawa mota mu kashe injin mu jira. Ba inda za ni, ke ma ba ki yi laifin komai ba. Abin da na kasa faɗa ke nan."

Sai ta fashe da kuka, irin mai girgiza kafaɗa, ta kifa kai a hannunsa a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Shi ma ya taya ta. Wata tsohuwa da ke gefe ta miƙo musu hankici. Sun jima a haka kafin Malama ta ɗago, ta share hanci, malamar lissafin da ke cikinta ta farka. Ta tambaye shi su waye suka gaya masa. Ya ce ba wanda ya gaya masa, ai ba ya bukata, ja ce ta kama a kowace ƙwaya.

"Ja nawa?"

"Biyu."

"Biyu."

"Biyu, Malama. Ko ɗaya ce ai kin san—"

Jakarta ta hannu tana da nauyi, akwai littafin darasi a ciki da kwalbar ruwa. A kafaɗa ta same shi. Tsohuwar ta janye hankicinta ta matsa. Malama tana dukansa tana bayani, kuka da dariya sun haɗe mata: biyu ake nema, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Uku ce matsala. Jan ba gargaɗi ba ne, launi ne kawai aka ba zaren don a iya ƙirga shi. Likita ta faɗa, ta zana, ta maimaita, lokacin shi yana shimfiɗe a baranda ana yi masa fifita. Da ya buɗe baki tun ranar farko, da ba a fasa mata bango ba, da shi ma bai yi kwanaki yana cin abinci lami ba.

Tartsatsi ya ce to wane irin mutum ne zai sa ja a wurin lafiya? Wannan ai ganganci ne. Ta ɗaga jakar, ya kare kai da hannu.

Can sai ta sauke jakar a hankali. Ta tambaye shi yadda aka yi ya san hoton nasu ne. Ya ce matar da bakinta ta ce suna kai.

"Kai in mai mota ya zo, motarsa na ƙarƙashin bishiya ko bonet ba ka buɗe ba, me kake ce masa?"

Tartsatsi ya dafe kai. Muna kai yake cewa. Kullum. Wato ya yi kukan ɗan wasu, ya yi murnar ɗan wasu, nasu kuma yana bayan ƙofar nan ba wanda ya san ko nawa ne. Tsoron ya dawo sabo, ya zauna a tsakaninsu. Nas ta leƙo ta kira sunan Malama.

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta dube shi ido cikin ido.

"Abin da ka faɗa ɗazu, na ja biyu ne ko na ja uku?"

"Na ko nawa ne."

"To tashi mu shiga. In ka ga allura ka kalli bango."

Biyu ne. Likita ta juyo musu da allon, ga nasu ƙwallayen, ja biyu, kore biyu, ta ce sauran da aka duba su ma daidai. Ta ja musu kunne cewa wannan gwajin gaggawa ne, zarurruka kaɗan yake dubawa, cikakken yana tafe, kuma za a ci gaba da sa ido a kan zuciyar jaririn. Malama ta gyaɗa kai tana hawaye. Tartsatsi ya daɗe yana kallon jajayen ɗigon nan, ɗaya nasa, ɗaya nata. Sannan ya share murya ya ce, ba don ya koya wa likita aikinta ba, amma in ana so a daina tayar wa mutane da hankali, akwai ruwan ɗorawa, akwai fari. Likitar ta ce za ta isar da saƙo.

Yaya Babba ba ta ji daɗin labarin gaba ɗaya ba. Ta yi hamdala saboda jaririn, amma da aka ce surukin nata ba ya mutuwa sai ta ce ita dai ta san abin da ta gani, a sake duba shi. Duk da haka da hannunta ta ajiye masa gishiri a gabansa, da ƙarfi, har ya zube.

Bayan an ci abinci Tartsatsi ya tsaya a tsakiyar falo yana duban ɓarnarsa: faci-facin siminti a bango, firji a kan bulo, soket a sama kamar hotuna. Kunya ta kama shi. Ya ɗauko akwatin kayan aiki ya ce bari ya mayar da su ƙasa kafin baƙi su gani su ɗauka mahaukaci ne ya yi wayarin ɗin gidan.

Malama tana zaune ta miƙe ƙafa, ba ta ko ɗago ba.

"Bar su inda suke," ta ce. "Ina so in riƙa ganinsu."